Darasin Ƙungiya: Sana'a Dabam Dabam, Lafiya Ɗaya

Karatu: Nehemiya 3:1-32, Maimaitawar Shari'a 22:8 da 24:14-15.

Ga mai koyarwa: A karanta darasin nan da ƙarfi a taron ƙungiya, a tsaya a ƙarshen kowane kashi domin jama'a su yi magana. In ya yiwu a gayyaci malamin asibiti da mai sayar da maganin ƙwari na kasuwarku su zauna tare da ku.

Gabatarwa

Wanda ya taɓa kawo amfanin gona birnin Katsina ya san Ƙofar Kaura. Tana ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin birnin, tare da Ƙofar Guga, da Ƙofar Sauri, da Ƙofar Durɓi, da Ƙofar Marusa, da Ƙofar Ƙwaya, da Ƙofar 'Yanɗaka. Sunan ya fito daga sarautar Kaura, watau shugaban mayaƙa na Katsina a zamanin da. Yanzu unguwar ta cika da bankuna da kantuna, da masu sayar da magani, da makanikai, da masu abinci, da masu keke mai ƙafa uku. Kowa yana bin sana'arsa. Amma iska ɗaya suke shaƙa, abincin kasuwa ɗaya suke ci, sauron lambatu ɗaya ne kuma yake cizonsu.

Abin da muke so mu koya yau shi ne, yadda masu sana'o'i dabam dabam suke haɗa kai domin lafiyar ma'aikatansu da ta jama'ar gari. Za mu duba abin da manyan 'yan kasuwa suka yi a ƙasarmu, inda suka ci nasara da inda aka sami tangarɗa. Sa'an nan mu ga abin da ƙungiyar manoma za ta iya yi da ɗan abin da take da shi.

1. Abin da Littafi Mai Tsarki ya nuna mana

Sa'ad da Nehemiya ya koma Urushalima, ya tarar garun birnin a rushe, ƙofofin kuma an ƙone su. Sura ta uku tana lissafta waɗanda suka yi gyaran. Ku lura da irin mutanen da aka ambata. Akwai babban firist Eliyashib da 'yan'uwansa firistoci. Akwai Uzziyel maƙerin zinariya, kusa da shi kuma Hananiya mai haɗa turare. Akwai Shallum, mai mulkin rabin yankin Urushalima, wanda ya yi aiki tare da 'ya'yansa mata. Wani hakimi mai suna Malkiya shi ya gyara Ƙofar Juji, bai ce aikin ya yi masa ƙanƙanta ba. A ƙarshen surar kuma an ambaci maƙeran zinariya da fatake suna gyara kashi guda tare.

Gini ba sana'ar mai turare ba ce, ba kuwa ta bafatake ba. Duk da haka suka bar shagunansu suka ɗauki duwatsu, gama sun gane in garu yana da kafa a wuri ɗaya, dukan birnin yana cikin hatsari. Da yawa daga cikinsu sun gyara wurin da yake daura da gidansu. Sura ta shida ta gaya mana an gama aikin cikin kwana 52. Nehemiya bai ɓoye laifin kowa ba, gama a aya ta biyar ya rubuta cewa manyan mutanen Tekowa sun ƙi sa hannu, ko da yake talakawansu sun yi kashi biyu.

Shari'ar Musa kuma ta ɗora wa mai gida nauyi. Wanda ya gina sabon gida, dole ya ja ɗan bango kewaye da rufin soron, domin kada wani ya fāɗo, alhakin jininsa ya hau kan gidan. Wanda ya ɗauki ɗan ƙodago kuwa, sai ya biya shi hakkinsa a ranar, kafin rana ta fāɗi. Ashe kiyaye ran wanda yake yi mana aiki umarni ne na Allah tun da daɗewa.

Cuta ita ce maƙiyin da yake kewaye garuruwanmu yau. Ganuwarmu kuwa ita ce ruwa mai tsabta, da abinci marar guba, da allurar rigakafi, da wurin aiki marar hatsari.

2. Abin da manyan 'yan kasuwa suka yi

(a) Gishiri, sukari, man girki da fulawa. Dattawanmu sun tuna lokacin da maƙoƙo ya yi yawa a waɗansu ƙauyuka. Rashin sinadarin aidin a abinci yake kawo shi, yana kuma rage kaifin basirar yara. A shekarar 1993 gwamnatin Nijeriya ta wajabta a sa aidin cikin gishirin ci. A 2002 kuma aka wajabta a sa bitamin A cikin sukari da man girki da fulawa, gama rashinsa yana kawo dundumi, yana kuma raunana jikin yaro a gaban ƙyanda. Likita ba zai iya bin gida gida yana ba kowa aidin ba. Amma da kamfanonin gishiri da na sukari da na mai da na fulawa suka karɓi aikin, sai maganin ya shiga tukunyar kowace uwargida ba tare da ta je asibiti ba. Hoton ido da kuke gani a jikin buhu ko galan, alama ce ta cewa an sa bitamin A. Ku riƙa duba shi.

(b) Cutar ƙanjamau a wurin aiki. A shekarar 2003 waɗansu manyan kamfanoni na ƙasar nan suka kafa ƙungiyar da ake kira NiBUCAA. Sun ga cutar tana kwantar da ma'aikata masu ƙarfi, waɗanda aka sha wahala kafin a koya musu aiki. Suka shirya a wayar da kan ma'aikata, a yi gwaji, a kuma daina ƙyamar wanda ya kamu. Sun gane cewa ma'aikacin da yake tsoron kora zai ɓoye ciwonsa har ya yi tsanani.

(c) Shan inna. Ƙungiyar Rotary, wadda 'yan kasuwa da masu sana'a suka kafa a Amurka a 1905, ta soma yaƙi da shan inna a duniya a 1985. A ƙasarmu aikin ya sha wuya, musamman a 2003 da 2004 sa'ad da aka dakatar da rigakafin a Kano saboda jita-jita. Sai da sarakuna da malamai suka sa baki kafin iyaye su sake yarda. A 2012 gidauniyar Alhaji Aliko Ɗangote da gidauniyar Bill Gates da gwamnatin Jihar Kano suka ƙulla yarjejeniya a kan rigakafin yara. Dabarar da suka yi abar koyi ce. Dukansu uku suna zuba kuɗi a asusu ɗaya, amma kowace shekara kason jiha yana ƙaruwa, na masu taimako yana raguwa, domin aikin ya tsaya da ƙafarsa. Daga baya aka yi irin wannan da jihohin Bauchi, Borno, Kaduna, Sakkwato da Yobe. An ga shan inna na asali na ƙarshe a Nijeriya a Jihar Borno a 2016. Ran 25 ga Agusta 2020 aka yi shelar cewa Afirka ta rabu da shi. Amma akwai wani iri da yakan ɓullo inda yara da yawa ba su sami rigakafi ba, saboda haka kada mu daina kai 'ya'yanmu.

(d) Annobar korona. Cutar ta shigo Nijeriya ta Legas ran 27 ga Fabrairu 2020, a watan Afrilu kuma aka same ta a Daura. A watan Maris na shekarar, manyan 'yan kasuwa suka haɗu da Babban Bankin Nijeriya suka kafa ƙungiyar CACOVID. Alhaji Aliko Ɗangote da marigayi Herbert Wigwe na bankin Access suna cikin waɗanda suka ja gaba, Alhaji Abdussamad Rabi'u na kamfanin BUA kuma yana cikin waɗanda suka ba da gudummawa. Mai siminti da mai banki da mai mai da mai kamfanin waya, waɗanda waɗansunsu abokan gāsa ne a kasuwa, suka zauna a tabarma ɗaya. Suka tara sama da naira biliyan 30. Suka shirya wuraren killace majiyyata a jihohi, suka sayi kayan gwaji, suka kuma sayi abinci domin gidaje sama da miliyan ɗaya da rabi.

Amma akwai abin baƙin ciki a labarin. An miƙa abincin ga gwamnatocin jihohi su raba. A watan Oktoba 2020, lokacin zanga-zangar da aka yi a ƙasar, jama'a suka fasa ɗakunan ajiya a Legas da Jos da Kaduna da waɗansu wurare, suka tarar da buhuna jibge ba a raba ba. Hukumomi sun ba da dalilansu na jinkiri, amma talaka mai jin yunwa bai karɓi dalilan ba. An yi asarar kaya, an kuma yi asarar amana, wadda ta fi kaya wuyar mayarwa.

3. Darussa huɗu daga labaran nan

Na fari, kowa ya kawo abin da sana'arsa ta iya. Mai gishiri bai zama likita ba, gishirinsa ya gyara.

Na biyu, mai kula da lafiyar ma'aikacinsa yana kula da aljihunsa ne kuma. Wannan ba abin kunya ba ne. Ku tuna da watan Agusta, sa'ad da ciyawa take cin gona, zazzaɓin cizon sauro kuma yake kwantar da mutane. Mutum ɗaya ya kwanta mako biyu a lokacin noma na biyu, gidan zai ji a rumbu har wata kaka.

Na uku, taimakon da zai daɗe shi ne wanda masu karɓa suke da kaso a ciki, kamar yadda aka tsara a Kano.

Na huɗu, a raba abu a kan lokaci, a gaban idon jama'a, a kuma karanta lissafi a fili. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

4. Misalin wake: daga gona zuwa kaskon ƙosai

Kada mu ce wannan magana ta masu biliyoyi ce. Bari mu ɗauki buhun wake guda mu bi shi. Manomi ya noma. Mai shagon maganin ƙwari ya sayar masa da magani. Ɗan ƙodago ya yi feshi. Ɗan kasuwa ya saya ya ajiye. Direba ya kawo birni. Mai ƙosai a Ƙofar Kaura ta jiƙa ta niƙa ta soya. Ɗan makaranta da makanike da ma'aikacin banki suka saya suka ci. Sana'a shida ko bakwai ke nan a kan buhu ɗaya.

Domin tsoron ƙwari, waɗansu sukan zuba wa wake maganin nan da ake kira fiya-fiya, wanda guba ce da ba a yi ta domin a zuba cikin abinci ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana a shigar mata da busasshen wake daga Nijeriya, gama an sami wannan guba a ciki fiye da ƙima. Turawa suna da na'urar aunawa, suka ƙi saye. Mai ƙosai ba ta da na'ura. 'Ya'yanmu da suke makaranta a birni su ma ba su da ita.

Akwai hanyar da ba ta bukatar guba. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka, tare da masana na Afirka, sun fito da buhu mai riɓi uku da ake kira PICS, aka soma yaɗa shi a ƙasashenmu daga 2007. Leda biyu masu kauri suna ciki, buhun saƙa yana waje. Ga yadda ake yi:

A bar waken ya bushe sarai, a sheƙe shi.
A duba ledojin, kada a sami huda ko ƙanƙanuwa.
A zuba waken, a matse iska ta fita, a ɗaure leda ta fari tam.
A ɗaure ta biyu dabam, sa'an nan buhun waje dabam.
A ajiye a kan katako, nesa da bango da ɓera, kada a riƙa buɗewa.

Ƙwarin da suke ciki sukan shanye 'yar iskar da ta ragu, daga nan su daina ci, su mutu. In ba a huda ledar ba, ana iya sake amfani da buhun wata shekara.

Amma manomi shi kaɗai ba zai iya gyara wannan ba. In mai shago bai kawo buhun ba, manomi ba zai samu ba. In ɗan kasuwa ya saya ya juye ya zuba guba, wahalar manomi ta tashi a banza. In mai ƙosai ba ta san bambanci ba, ba za ta nemi mai kyau ba. Dole dukansu su zauna su yi magana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

5. Waɗanda suke yi mana aiki

Dokar ƙasa ta 2010 ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata su zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi a asusun biyan diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki. Dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta ce kowane ɗan ƙasa ya shiga tsarin. Amma ɗan ƙodagon da yake yi mana feshi ba ya cikin littafin albashin kowa. Mu ne kamfaninsa. Saboda haka muna roƙon kowace ƙungiya ta amince da waɗannan ƙa'idodi:

Mai feshi ya sa riga mai dogon hannu, da dogon wando, da takalmin roba, da safar hannu, ya rufe hanci da baki.
A yi feshi da sassafe ko da yamma, iska tana bayan mai feshi.
Kada ya ci goro ko abinci, ko ya sha taba, sai ya wanke hannu da sabulu.
Kada ya busa bakin famfon feshi da bakinsa in ya toshe.
Kada a ba yaro ko mace mai ciki aikin feshi.
A huda galan ɗin magani in ya ƙare. Kada a zuba ruwan sha ko man gyaɗa ko nono a ciki, ko an wanke shi sau goma.
In mai feshi ya ji jiri, ko amai, ko yawu yana zuba, a tuɓe masa kayan, a wanke jikinsa, a kai shi asibiti nan da nan tare da kwalbar maganin. Madara da manja ba su karya guba.
A injin niƙa da na casa, a rufe bel, kada mai babbar riga ko gyale ya matsa kusa.
A kai wa masu aiki ruwan sha mai tsabta a gona, a biya su a ranar da aka alkawarta.

6. Abin da ƙungiya za ta iya farawa bana

(a) Kwamitin lafiya na kasuwa. A gayyaci sarkin kasuwa, da sarkin pawa, da shugaban direbobi, da mai kemis, da mai maganin ƙwari, da shugabar masu abinci, da ungozoma, da malamin asibiti, da wakiliyar zumuntar mata. A fara sanar da mai unguwa ko dagaci. A zaɓi aiki ɗaya tak na shekara, ko gyaran rijiya, ko haƙa masai a kasuwa, ko yashe lambatu kafin damina.

(b) Asusun lafiya. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako ta ƙasar Mali, suka amince da tsarin da jama'a za su riƙe asusun magani da kansu, abin da aka sayar a sake sayen wani da kuɗin. Mu ma za mu iya. A misali, ƙungiya mai mutum 40, in kowa ya kawo tiya 2 da kaka, an sami tiya 80, wajen buhu biyu ke nan. A ajiye sai farashi ya tashi a sayar. Kuɗin ya zama na kai mai naƙuda ko wanda maciji ya sara asibiti. A yi magana da direba tun da wuri a kan kuɗin mota, domin kada a tsaya ciniki da tsakar dare. Mutum uku su riƙe asusun, a karanta lissafi kowane wata.

(c) Sayen kaya a dunƙule. Ƙungiya ta sayi buhunan PICS, da kayan kāriya na feshi guda biyu ko uku waɗanda za a riƙa ara, da gidan sauro.

(d) Ruwan gishiri da sukari. Kowace mai abinci da kowace uwa ta iya haɗa shi domin mai gudawa: lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A riƙa ba shi kaɗan kaɗan a kan hanyar zuwa asibiti.

7. Tare da maƙwabtanmu

Yawancin waɗanda za mu zauna da su a wannan kwamiti Musulmi ne, maƙwabtanmu kuma abokan cinikinmu. Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Katsina. Tun wajen ƙarshen shekarun 1930 ma'aikatan mishan na SIM suka yi jiyyar kutare a Babbar Ruga tare da hukumar En'e, majiyyatan kuwa daga kowane gida suke fitowa. Kwalara ba ta tambayar mutum inda yake sujada. Annabi Irmiya, a sura 29, ya gargaɗi mutanen Allah su nemi zaman lafiyar birnin da suke zaune, su yi masa addu'a, gama lafiyarsu tana ɗaure da tasa. Mu je da tawali'u, mu fara ɗaukar kashi mai wuya. In aikin yashe juji ne, mu tuna da hakimin da ya gyara Ƙofar Juji.

Za a sami masu ƙi, kamar manyan Tekowa. Mai sayar da guba yana iya ganin za a rage masa ciniki. Kada a yi masa faɗa. A nuna masa cewa buhun PICS da safar hannu da takalmin roba su ma kaya ne da zai sayar ya ci riba, ƙungiya kuma za ta saya a wurinsa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Ku lissafta sana'o'in da aka ambata a Nehemiya 3. Waɗanne sana'o'i ne suke a kasuwarku?
2. Kwana nawa na aiki gidanku ya rasa a daminar da ta wuce saboda ciwo? Wane ciwo ne?
3. Me muke zuba wa hatsin da za mu sayar? Za mu yarda 'ya'yanmu su ci shi?
4. Me ya kamata a yi domin kada abin da ya faru da abincin korona ya faru da asusun ƙungiyarmu?
5. Wane ne zai je wurin sarkin kasuwa, wace rana kuma?

Aikin wata: Sakatare ya rubuta sunayen mutum uku da za su kai gayyata, da aiki ɗaya da aka zaɓa. A kawo rahoto a taro mai zuwa.

Addu'a: A yi godiya domin lafiyar da Allah ya ba mu. A yi roƙo domin marasa lafiya na ƙauyenmu, da ma'aikatan asibiti, da 'yan kasuwa manya da ƙanana, Allah ya ba su zuciyar gaskiya. A roƙa kuma ya gafarta mana inda muka fifita riba a kan ran maƙwabci, ya ba ƙungiyarmu ƙarfin gama abin da ta fara. Amin.